Tsallaken da Manu Ya Yi

Hoton gauraki Manu ya je ɗauka a tafkin bayan Sule Tankarkar, cikin daminar farko bayan babban fari. Malamin firamare ne a Gumel, kuma duk garin an san shi da kyamararsa mai dogon baki, wadda ya saya a hannun wani Bature mai haƙa rijiyoyi. Yana leƙawa sai ga 'yar barewa ta shigo gilashin da jan zare a wuya, bayanta wata budurwa da ƙwarya a ka. Gauraki suka tashi, shi ko a jikinsa.

Sunanta Zinariya, 'yar Malam Ilu makiyayi. A jeji ta tsinci barewar, ta raine ta da nonon akuya. Ya ba ta kyamarar ta leƙa, ta ga tsuntsun da ke can nesa kamar ta miƙa hannu ta taɓa, ta yi dariya ta sa masa suna Mai Dogon Ido. Tun daga nan kekensa ya san hanyar rugar.

Malam Ilu bai so ba, don ya fi son ta auri ɗan ƙanensa Ubale. Ana cikin haka barewar ta mutu, mako bai zagayo ba zazzaɓi ya kwantar da Zinariya. Ubale kuwa, bakinsa ba ya gajiya, ya bi ruga ruga har kasuwar Maigatari yana cewa abin da ke jawo tsuntsu daga nesa ai zai jawo kurwa. Kan ka ce kwabo Manu ya zama maye.

Ya zo da ƙwayoyin zazzaɓi daga Gumel, uwarta ta karɓa a ɓoye. Maza kuwa suka tare shi da sanduna, suka ce ya tsallake Zinariya ya saki kurwarta, yadda ake sa mayu. Ya san in ya tsallaka ya amsa sunan har abada, in ya ƙi kuma ba zai sake ganinta ba.

Daga kan tabarma ta ɗago da ƙyar. "Malam, kada ka yi. Na san ba kai ba ne."

"Ki yi shiru, Zinariyata," ya ce. Ya tuɓe takalmi ya tsallake ta.

Ta warke, kuma babu wanda ya ambaci ƙwayoyi. Ubale da kansa ya janye, wai ba zai auri wadda maye ya sa wa ido ba. Sauran samari ma suka ɗauke ƙafa. Malam Ilu ya rasa yadda zai yi, ya ce a ƙona kyamarar a gabansa, sannan ya ba da 'yarsa. Manu da hannunsa ya jefa kyamarar a wuta, abin ya ci masa rai ƙwarai.

Aka ɗaura aure, mutanen ba su cika tabarma biyu ba. A Gumel iyaye sun riga sun fara janye 'ya'yansu daga ajinsa. Zinariya ta tare cikin kuka, ta ce masa duk abin da za a kira shi, a kira ta tare da shi.

Uwarta ta rako ta har ƙofar gida, ta tsaya a waje ta ƙi shiga. Daga can ta ɗaga murya, idonta a ƙasa.

"Allah ya ba ku zaman lafiya da zuriya mai albarka. Don Allah, Malam, ka bar mini jikokina su rayu."