Surukar Baba Uhm

Ranar da yarinyar ta fara shiga shagon kujeru neman aiki, Auta yana riƙe da guduma. Ya ɗaga kai ya gan ta, gudumar ta sauka a kan yatsansa. Ya cije don kar girma ya faɗi, amma hawaye ba ruwansu da girma.

Ta kawar da kai tana danne dariya, ta ce, "Sannu. Ƙusar dai ta tsira."

Shagon na mahaifin Auta ne, dattijon da ma'aikata ke kira Baba Uhm a bayan idonsa. In ka gama aiki, zai bi ɗinkin da babban yatsa daga sama har ƙasa, ya kifa kujerar ya leƙa cikinta, ya ce "Uhm," ya wuce. In kuwa aikin ya ɓaci, har masu wucewa a titi sai sun ji labarin kakarka. Cewa yake yabo ga ma'aikaci kamar ruwa ne ga katako, kumbura shi yake yi ya lanƙwashe.

Aka ba ta keken ɗinki a gefen taga tana ɗinka rigunan kushin. Yarinya da hannu, jama'a. Auta ya raɗa mata 'Yar Allura, kuma tun daga nan duk abin da ya ɓata a shagon, a gefen taga yake nemansa.

Ya tura mata saƙo: "'Yar Allurata, ɗazu da kika kalle ni na yanka soso a karkace. Idanun nan naki za su sa Baba ya kore ni."

Ta mayar: "Ɗan Uhm, ido ai Allah ne ya yi. Kujerar da na gama yau fa, ka gan ta?"

"Na gani."

Shi ke nan fa amsar. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Ana nan wata mai otal ta zo ɗaukar kujerunta. Yadi ne mai furanni, 'Yar Allura ta haɗa shi yadda reshen da ya tashi daga mazauni zai ci gaba a jingina kamar ba a taɓa sa masa almakashi ba. Matar ta yi ta shafawa, ta tambayi hannun wa ya yi wannan. Yarinyar ta ɗauke ƙafa daga keke tana saurare. Auta ya saci kallon ubansa, ya ce aikin shagonsu ne. Baba ya ce uhm.

Ta taka keken da ƙarfi don ƙararsa ta rufe kukanta.

Da maganar aurenta da Auta ta isa kunnen mahaifiyarta, Inna ta ce sam. Ta ce ita ta yi zama da irinsu. Mahaifin yarinyar, Allah ya jiƙansa, bai taɓa zaginta ba, amma ta yi wanki ta yi girki har ya koma ga Allah bai ce mata sannu ba. "Yunwar sannu ta fi ta ciki daɗewa," in ji ta. "Ba zan kai ki gidan da ake kulle godiya a akwati ba."

'Yar Allura ta tattara almakashinta ta koma shagon tsallaken titi. Mai shagon wani tuzuru ne da ake kira Bakin Zuma, shi kam in ka yi atishawa ma sai ya yaba. Safe da yamma hannunta zinariya ne, babu kamarta a duniya. Bai daɗe ba ya fara kai gaisuwa wurin Inna, Inna kuwa har tabarma take sauya masa.

Auta yana hangen komai daga ƙofar shagonsu. Ya rame har agogo yana yawo a hannunsa. Ya rubuta: "Ashe zaƙin baki kike so. Allah ya ba ku zaman lafiya."

Ta amsa: "Ba zaƙi nake so ba. So nake a gani."

Ya karanta ya mayar da wayar aljihu. Ita kuma ta ɗauki shirun a matsayin sallama.

Washegari ta zauna ɗinki ido cike da hawaye. Layi ya tafi kamar sawun maciji, furen kushin ɗaya kansa a ƙasa. Ta kai wa Bakin Zuma kujerar tana jiran faɗa. Idonsa na kan waya ya ce ai wannan ya fi na jiya ma, a fitar da ita ƙofa mutane su gani. Nan ta gane. Ashe wancan gidan ana kallo ba a faɗa, wannan kuma ana faɗa ba a kallo. Ta koma gaban keke ta haɗa kai da gwiwa.

To, shi Baba Uhm yatsansa ba ya iya wuce kujera. Ya zo wucewa, ya shafa, ya tsaya cak. Mutumin da bai taɓa taka shagon nan ba sai ga shi ciki yana tambayar wa ya yi wannan ta'asa. Auta ya biyo shi da gudu kar a yi dambe.

Ta ce ita ce. Tsoho ya ce ƙarya take. Hannun da ya haɗa reshen furen mai otal, yake ɓoye ƙullin zare a ciki, yake ninka kusurwa ba ko tattara, ba zai yi wannan ba sai in zuciyar mai shi ba lafiya. Ya dinga lissafo kujerunta ɗaya bayan ɗaya, har wadda ta fara yi, wadda ita kanta ta manta.

Ta ce, "Baba, ashe kana gani?"

"Makaho ne ni?"

"To me ya hana ka faɗa?"

Auta ne ya yi magana. Ya ce ranar mai otal sunanta yana kan harshensa, tsoro ya hana shi, ta yafe masa. Sannan ya juya ya ce, "Baba, ni ma tun ina miƙa maka ƙusa nake jira."

Tsohon ya dube shi. Leɓensa ya yi ta motsi kamar ƙofar da ta yi tsatsa. Can ya ce, "Aikinki yana da kyau, 'yata. Kai ma ka fi ni iya yanka. Sannunku."

Auta, gardi da gemu, ya fashe da kuka a shagon mutane. Bakin Zuma ya ce kai, kukan ma ya yi kyau.

Da kansa Baba ya je wurin Inna. Ta kawo masa ruwa ta ƙi tafiya, ta tsaya a kansa. Ya sha, ya fara "Uh…", ya kama kansa, ya ce an gode, sannu da ɗawainiya, sannu kuma da tarbiyya. Inna ta share ido da bakin mayafi, ta ce ta ba su.

Aka ɗaura aure. Kujerar nan mai fure a kife Auta ya roƙa, tana falonsu, ya hana a warware ta. Yanzu in amarya ta ɗinke masa ko maɓalli ne, sai ya bi da yatsa kamar ubansa, ya faɗi abin da ya gani.

Allah ya ba su zaman lafiya da zuriya mai albarka, masu ido kuma masu baki.