Ƙullin Kaba a Bakin Gona

A wani ƙauye kusa da Wara akwai wata yarinya 'yar aji biyar. Tana da ƙoƙari a makaranta, amma akwai ta da gaggawa. In ka aike ta, kafin ka rufe baki ta kai ƙofa. Rabin saƙon kuwa sai ta dawo ta tambaya.

Kullum tana jin kalmar amana. In Inna za ta kasuwa takan ce, "Ga amanar ƙanenki nan." In aka ba mai kwalekwale saƙo zuwa ƙetaren ruwa, akan ce masa amana ce. Ita dai ta ɗauka magana ce irin ta manya.

Babanta manomin dawa ne. Tun zamanin kakanta akwai amana tsakanin gidansu da rugar Baffa Tanko makiyayi. In an kwashe amfani, shanu su shiga gona su ci kara, su bar taki. Amma muddin akwai sanda mai ƙullin kaba a bakin gona, to da sauran amfani a ciki, saniya ba ta shiga. Babu takarda, babu sa hannu, kuma ba a taɓa saɓawa ba.

Wata Asabar Inna ta aike ta itace. Sarkin gaggawa ta fita ba igiya. Da ta tara itacenta a bakin gonarsu, sai ta rasa abin ɗauri. Tana waigawa ta ga kaba a jikin sanda. Ta san ko ta mece ce sarai.

"Gobe da safe na mayar," in ji ta.

Ta kwance kabar ta ɗaure itace. Sandar ma ta tuge ta, ta haɗa a ciki. Kafin ta isa gida ta manta.

Washegari Shu'aibu, ɗan Baffa Tanko, ya biyo da shanu. Ya duba bai ga sanda ba, sai ya kora su ciki. Ashe da sauran dami shida da ba a kwashe ba. Kafin ya farga, shanu sun yi kaca-kaca da huɗu.

Gari ya ɗauki zafi. Samari suka ce makiyaya sun ci amana, dole su tashi. Shu'aibu ya yi ta rantsuwa cewa bai ga sanda ba, amma wa zai saurare shi? Aka sa ranar Talata dattawa za su zauna.

Ran Litinin yarinyar ta tarar da ƙawarta Ummi, ƙanwar Shu'aibu, tana kuka a aji.

"An ce mu tashi," in ji Ummi. "Innarmu har ta fara haɗa ƙore."

Nan take yarinyar ta tuna da sandar da ta tuge. Ko tuwo ta kasa ci da ta koma gida. Inna ta dube ta da kyau.

"Ke, mi ya same ki? Yau ko gudu ba ki yi ba."

"Inna, ni ce na cire sandar. Da ita kika dafa tuwon shekaranjiya."

Inna ta ce, "Kin yi ɓarna babba. Amma ba ni za ki gaya wa ba. Tashi mu je wurin babanki."

Baba ya saurare ta har ta gama. Ransa ya ɓaci ƙwarai, amma bai taɓa ta ba.

"Gobe da bakinki za ki faɗa gaban mutane," in ji shi. "Kina iyawa?"

"Zan iya, Baba."

Ran Talata aka taru a gindin tsamiya. Yarinyar ta miƙe ta faɗi komai, ba ta rage ko kalma ɗaya ba. Samarin da suka fi kowa ɗaga murya suka sunkuyar da kai.

Baba ya juya wurin Baffa Tanko. "Aminina, ka yafe muna. Mun zarge ku, alhali laifin daga gidana yake."

"Ba komi," in ji Baffa Tanko. "Shi ma Shu'aibu, da ya leƙa ciki da ya ga dammunan." Sai ya dubi yarinyar. "Ɗiyata, amana ba ta babanki da ni kaɗai ba ce. Ke ma kina cikinta, har jikokinki."

Hukuncinta shi ne ta tsince duk zangarniyar da shanu suka watsar. Kwana uku tana yi bayan an tashi makaranta, bayanta kamar ya karye. A rana ta biyu sai ga Ummi da Shu'aibu da ƙwarya, sun zo taya ta. Suka tara abin da ya kai dami guda.

Ran Juma'a Baba da kansa ya je ruga ya ce a kawo shanu. Ba makiyayin da ya yi ƙaura. Innar Ummi ta sauke ƙorenta ta mayar da su mazauninsu, har ta aiko wa yarinyar da nono.

Daga ranar ta gane cewa amanar da manya suka ƙulla, yara ma suna riƙe da ita. Ƙaramin sakaci yana iya raba maƙwabta, amma faɗin gaskiya da wuri yana gyara abin da ya ɓaci.