Allon da Abdullatif Ya Sauke

Ruwan sama ne ya kora Abdullatif cikin shagon Malam Bube. Ya taso daga Kusada a kan babur, yana shiga Kankia hadari ya ɓarke, ya faɗa rumfar farko da ya gani.

A ciki ya tarar da wata budurwa tana goge wani baƙin inji da tsumma da mai, a hankali, kamar mai yi wa jariri wanka.

"Sannu da aiki. Wannan injin markaɗe ne?"

Ta ɗago ta watsa masa harara. "Injin buga rubutu ne na Babana. Kai kuma daga ina, da ba ka san shi ba?"

"Daga Kusada. Ni ma sana'ata ke nan, ina buga allunan shaguna da fileks, ledar nan da ake bugawa da kwamfuta."

"Au, kai ne ka kwashe muna mutane! In da na sani da na bar ka cikin ruwan."

Ta faɗa tana danne murmushi. Ruwa ya ɗauke, Abdullatif bai ɗauke ba, sai da ya ji sunanta Zuhura ya kuma karɓi lambarta.

Wanda bai san Kankia ta da ba, ba zai gane darajar shagon nan ba. Tun da hantsi za ka ji injin yana kacau-kacau, Malam Bube yana taka feda, ƙamshin tawada da kananzir ya cika layin. Hedimasta na jiran allon makaranta, mai kemis na jiran nasa, direbobi na rigima a kan kalmar da za a rubuta musu a bayan mota. Malam ya ja burushi sau ɗaya, harafi ya tsaya cak. Kai, an yi zamani! Yanzu kowa ya koma wajen masu kwamfuta, amma Malam bai fasa buɗe shago kullum ba, ita kuma Zuhura, 'yarsa tilo, ba ta fasa goge injin ba.

Soyayya ta kankama ta waya. Shi yana ce mata Zuzu, ita tana ce masa Mai Fileks.

"Zuzu, yau na buga allo uku, duka na kusa rubuta sunanki a kai."

"Ka dai yi hankali, Mai Fileks, kar mai shayi ya tashi ya ga an sa mashi Zuhura. Ka ci abinci kuwa?"

To, ka san saurayi in yana son burge suruki, hankalinsa kan tafi yawo. Abdullatif ya lura allon shagon Malam ya koɗe, shuɗin fentin duk ya ɓare. Bai shawarci kowa ba, ya zauna ya tsara sabo a kwamfuta, mai sheƙi, har da hoton burushi. Ranar Juma'a, kafin Malam ya dawo daga masallaci, ya sauke tsohon ya jingine a bayan shago, ya kafa nasa, ya tsaya yana jiran godiya.

Malam Bube ya iso, ya daɗe yana kallon sama.

"Wa ya sauke mani allo?"

"Ni ne, Baba. Na ga ya tsufa."

"Ya tsufa." Malam ya gyaɗa kai. "Da hannuna na rubuta shi shekarar da na buɗe wurin ga. Marigayiya uwar Zuhura ita ta zaɓi shuɗin nan. Yaro, mutumin da ke sauke tsohon abu bai tambaya ba, ba ni ba shi ɗiyata. Ran da ta koɗe, ita ma sauke ta za ka yi."

Abdullatif ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Da yamma saƙon Zuhura ya shigo.

"Allon nan shi kaɗai ya rage muna da hannun Innata a ciki. Ka ba ni kunya, Abdullatif. Kar ka kira ni."

Rabon da ta kira shi da sunansa na yanka har ya manta. Ya karanta, ya sake karantawa, abinci ya gagare shi.

Ana haka sai ga Sharafaddeen, mai shagon wayoyi a maƙwabta, wanda ya daɗe yana hangen Zuhura. Ya samu ƙofa. Kullum yana durƙushe gaban Malam yana zuba yabo, wai injin nan ya fi na zamani nesa ba kusa ba. Har aka fara raɗe-raɗin zai turo magabata. Zuhura ta rame, domin fushi daban, so daban.

Abdullatif bai aiko kowa ba. Ya zo da tsani, ya cire fileks ɗinsa ya naɗe, ya mayar da tsohon allon a ramukan ƙusoshinsa na asali. Ya ba da haƙuri, Malam ya kau da kai. Duk da haka ya ci gaba da zuwa, ya gaishe shi, ya zauna a bakin benci. Mai nema ba ya fushi.

Wata rana Malam ya yafuto shi ciki, ya dafa injin.

"Kai ɗan zamani ne. Hwaɗa mani tsakaninka da Allah, wanga injin shina da sauran amfani?"

Zuhura na bayan labule, tana saurare. Ta san ƙarya ɗaya mai daɗi za ta iya gyara komai, ta kuma san Babanta.

Abdullatif ya sunkuyar da kai. "Baba, in don allunan shago ne, babu. Abin da za ka yi kwana kana yi, injina zai fitar kafin shayi ya huce, kuma in wani ƙarfe ya karye ba inda za a samo. Ba zai ciyar da gida ba. Amma na ga katin da ka buga, harafin ya nutse cikin takarda har yatsa na jin shi. Nawa bai iya wannan ba. Da za ka yarda, manyan ayyuka su tafi Kusada, kati da ƙananan takardu in riƙa kawo maka nan."

Malam ya tuntsire da dariya har da tari.

"Ai na sani! Na riga ka sanin ya gaji. Wancan Sharafaddeen kullum yabo, yabo, amma allon shagonshi a Katsina ya bugo. Ni mai gaya mani gaskiya nike nema ma ɗiyata, sai dai ya koyi tambaya kahin ya taɓa."

"Na koya, Baba."

"To, turo manyanka."

Bai kai bakin babur ba wayarsa ta yi ƙara, saƙo ya shigo.

"Mai Fileks, saura kaɗan zuciyata ta tsaya. Ka tafi a hankali, hanya da santsi. Taka har abada, Zuzu."

Bayan kaka aka ɗaura aure a ƙofar gidan Malam. Mutanen Kusada suka cika layi, aka raba goro da dabino, aka shafa fatiha. Da la'asar, motar amarya na jira, Zuhura ta durƙusa gaban mahaifinta tana kuka. Malam Bube ya kama hannunta ya ɗora a na Abdullatif.

"Abu biyu na riƙe tun da uwarta ta rasu. Ga ɗaya na ba ka duka, ka riƙe amana. Ɗayan kuma, injin nan, ka riƙa zuwa kana taka mani shi, gwiwata ta daina. In ka zo, ka zo da ita, don shagon zai yi mani girma. Allah shi yi maku albarka, shi ba ku zuri'a ɗayyiba."

Jama'a suka amsa da amin. Abdullatif ya ƙara riƙe hannun matarsa.