Farar Ƙwaya a Aljihun Auta

Da hantsi aka kira ofishin 'yan sanda daga wani gidan buga bulo. An sami ma'aikaci kwance rub da ciki a kwatamin ruwa, ba rai.

Sufeto ya iso tare da Kofur. Kwatamin yana can bayan injin, inda ake ɗiban ruwan kwaɓa siminti. Sufeto ya tsoma sanda a ciki, ya ga ruwan ko gwiwa bai kai ba.

Auta ake kiran mamacin. Harshensa a cije yake. A aljihunsa akwai 'yar kwalba marar takarda, da fararen ƙwayoyi a ciki.

"Lafiyarsa ƙalau, yallaɓai," in ji mai gidan bulon. "Ban san shi da wata cuta ba."

"Me yake yi maka?"

"Jera bulo, a can bakin ƙofa."

"Sauran suna hawa mota, suna ɗiban ruwa. Me ya sa shi kaɗai ka keɓe?"

Mai gidan ya sosa ƙeya. "To, gaskiya ya faɗa mini yana da farfaɗiya, amma ya ce ya yi shekaru bai faɗi ba, yana shan magani. Yau mai ɗiban ruwa ne bai zo ba, na tura shi baya."

"Wa ya fi shaƙuwa da shi a nan?"

Ma'aikatan suka dubi juna. Ɗayansu ya ce Auta shi kaɗai yake cin abincinsa, kofinsa ma daban, don suna tsoron yawunsa.

"Ba a ɗaukar ta a yawu," Sufeto ya ce a hankali. "Da kun zauna da shi, ba abin da zai same ku."

Washegari likitan da ya duba gawar ya zaunar da Sufeto a ofishinsa.

"Farfaɗiya ce ta kayar da shi, ruwa ya ƙarasa. Amma babu alamar maganin a jininsa. Shi wannan magani ba ya cire cutar, danne ta yake yi. In aka yanke shi farat ɗaya, takan dawo, wani lokaci fiye da da."

"Ai yana sha. Ga kwalbar."

"Ƙwayar bitamin ce a ciki. Kala ɗaya, girma kusan ɗaya."

Gidan Auta ɗaki biyu ne a ƙarshen wani layi. Yayarsa ce kaɗai a ciki, mace mai furfura jefi-jefi, kowa Yaya yake ce mata. Gadon Auta gajere ne, an naɗe kusurwoyin tebur da tsumma. A bayan ƙofa akwai akwati a ɗaure.

"Allah ya ba ku haƙuri," in ji Sufeto. "Tafiya zai yi?"

"Ya kama ɗaki kusa da wurin aikinsa. Wai ya girma."

"Wa ke sayo masa magani?"

"Ni, a kemis ɗin bakin titi. A kwalba yake ba ni. In akwai matsala, shi za ku tambaya."

"Kina zuwa wurin aikin nasa?"

"Ko ƙofar ban sani ba."

Kafin la'asar Kofur ya kawo mai kemis ofis.

"Ranka ya daɗe, in aka ce na sayar da jabu na kashe mutum, ni da shagon mun ƙare. A takardarsa nake sayar da shi, a rufe. Yayarsa ke ɓare masa a kwalba, don ba ya son a gane abin da yake sha."

Sufeto ya sa a aika samfurin maganin shagon wurin likita, ya ce mai kemis ya zauna a benci tukuna. Shi kuma ya koma gidan bulo.

A tsallaken ƙofar akwai mai gyaran takalmi a gindin bishiya. Ya dubi ƙafar Sufeto kafin fuskarsa.

"Yallaɓai, wannan takalmin ya kamata a yi masa ritaya."

"Shi da mai shi. Kana ganin Auta daga nan?"

"Kullum. Ni da matar nan."

"Wace mata?"

"Wata mai furfura. Tun makon jiya take zuwa ta tsaya bayan bishiyar nan da tawul a ninke a hannu. Na ba ta kujera ta ƙi, na yi mata wasa na ce ko gadi aka ɗauke ta, idonta dai yana kan ƙofar. Jiya ma tana nan har aka yi ihu."

Sufeto ya aika a sallami mai kemis, ya nufi gidan Auta. Ya sami Yaya zaune a bakin gajeren gadon. Ya jawo kujera ya zauna.

"Yaya, da Auta yana faɗuwa a da, me kike yi masa?"

"In juya shi gefe, in sa masa tawul a ƙarƙashin kai, in jira."

"Ya yi shekaru bai faɗi ba. Me ya sa kika ɗauki tawul kika je kina jira?"

 Ta miƙe, ta buɗe durowa, ta ɗauko wani ƙulli ta ajiye a gabansa. Ƙwayoyin gaskiyar ne, masu tsaga a tsakiya.

"Na kasa zubarwa. Na ce da ya faɗi sau ɗaya zan mayar masa."

"Sau ɗaya?"

"Sau ɗaya kawai, yallaɓai. A sallame shi daga aiki, ya kwance akwatin nan." Ta dubi hannuwanta. "Yana goye Inna ta rasu ta bar mini shi. Na bar makaranta. Wanda ya zo nemana ya ga Auta yana shure-shure a ƙasa, bai dawo ba. Ban yi kuka da hakan ba. Sai magani ya karɓe shi, ya sami aiki, ya fara ce mini, 'Yaya, ki huta.' In huta in yi me? A ɗakin nan, da wa zan yi magana?"

"Kin san abin da yanke maganin ke yi."

"Na fi kowa sani. Shi ya sa nake tsayawa inda zan gan shi. A bakin ƙofa yake aiki, ƙasa ce mai yashi, taku kaɗan in isa gare shi. Ba wanda ya gaya mini za a tura shi baya."

Sufeto ya sa ƙullin a leda. Bai ɗaga murya ba.

"Sai mun tafi da ke ofis. Ki ɗauki mayafinki."

Kofur ya ciro ankwa, Sufeto ya girgiza masa kai.

Yaya ta rufe taga, ta ja ƙofar, ta murɗa mukulli. Ta tsaya da shi a hannu tana duban layin. Maƙwabta na leƙowa ta labule, ba wanda ya fito.

"Wa zan bar wa?" ta tambaya.

Sufeto ya miƙa hannu ya karɓa, sannan ya buɗe mata ƙofar mota.