Farar Jallabiya a Hawa na Bakwai

Ranar Alhamis ce, tsakiyar watan Yuli na 2021, aka ƙwanƙwasa ƙofar Muntasir a hawa na bakwai na wani dogon bene a Pantai Dalam. Ya yi mamaki, don tun da aka sake kulle Kuala Lumpur saboda korona ba wanda ke taɓa ƙofar nan. Masu kawo abinci a babur ma daga ƙasa suke yin waya.

Yana buɗewa ya ga wata budurwa tsaye da kwali a hannu. Ta sa takunkumi, idanunta kawai ake gani. Can baya kusa da lif wata dattijuwa 'yar ƙasar na riƙe da takarda.

Budurwar ta fara yi masa yaren ƙasar, sai ta jiyo rediyon Kano na tashi daga wayarsa.

"Laa, Bahaushe ne? Ina wuni, Malam. Daga surau muke, masallacin unguwa. Mun hango farar tutarka."

"Tuta kuma?"

Ta nuna tagarsa. Farar jallabiyarsa ce da ya wanke da safe, ya zura ta a sandar mofa ya turo waje don ta sha rana.

A lokacin, duk gidan da abinci ya yanke wa sai su rataya farin ƙyalle a taga, maƙwabta su kawo ɗauki ba sai an buɗe baki an roƙa ba. Kowa a garin ya san haka ban da Muntasir. Shi fa mutum ne da zai faɗa maka lokacin tashin jirgin ruwan Langkawi da ka, amma bai san sunan maƙwabcinsa ba. Digiri na biyu ya zo yi a fannin gine-gine, rabin zamansa kuma a hanya ya yi shi: Penang, Melaka, Cameron Highlands, ko'ina sai ya ɗauki hoto ya ɗora.

Ya buɗe baki zai ce wanki ne.

"Kada ka ji kunya lah," ta riga shi. "Kowa yana cikin hali. Ba wanda zai ji daga bakinmu."

Idanunta suka yi murmushi. Shi kuwa gogan naka, mai kaji biyu a firij da tallafin karatunsa da bai taɓa yin latti ba, sai ya miƙa hannu ya karɓi kwalin.

"Na gode. Allah ya saka."

"Amin. Ba ni lambarka in sa a list. Sunana Najiba."

Shinkafa ce a ciki, da ƙwai, da mai, da kifin gwangwani. Ya ajiye kwalin a bayan ƙofa ya ce gobe zai kira ta ya yi bayani. Gobe ta zo ta wuce. Ranar Alhamis ta gaba, jallabiyar da ko sa ta bai yi ba, ya sake jiƙa ta ya zura a sanda.

Haka aka fara. Daga "an kawo, na gode" hira ta yi tsawo. Ya ji cewa ita 'yar Dakta Lawal ce, malami a jami'ar da yake karatu, tana shekara huɗu aka kawo ta Maleshiya, yanzu tana shekarar ƙarshe a haɗa magunguna. Hausarta da Turanci da yaren ƙasar a tukunya ɗaya take dafa su.

"Mai tuta, ka makan kuwa yau?" ta rubuto.

"Na ci, 'yar Pantai. Amma na fi ƙoshi ranar Alhamis, ƙarfe huɗu."

"Kai dai ka iya baki. Ba ni labarin Melaka. Shekara sha takwas a ƙasar nan, Abba bai taɓa kai mu ko'ina ba sai masallacin Putrajaya."

"Akwai kogi a tsakiyar garin, ana shiga kwalekwale da yamma. In aka buɗe hanya, in Allah ya yarda, ni zan kai ki. Da izinin Abba, da shaidu."

Sai ta turo: "Boleh."

Ya san ma'anar wannan kam: ta amince ke nan. Ya yi ta zagaye ɗaki yana dariya shi kaɗai, har idonsa ya faɗa kan kwalaye uku da ke bayan ƙofa. Ko ɗaya bai taɓa ba, ƙwan kawai yake cirewa ya sa a firij. Duk lokacin da ya kalle su sai ya ji kamar an kama shi da hannu a aljihun wani. Amma da Alhamis ta huɗu ta zo, ya sake rataya jallabiyar.

Da yammacin ranar saƙonta ya shigo.

"Yau na yi kuka. Ka san Malam Mika'ilu na hawa na uku? An killace shi a asibiti kwana tara ke nan. Matarsa, Maman Al-Amin, da yara uku. Ashe tun shekaranjiya ruwan shayi suke sha. Kunya ta hana ta magana, sai yau ta ɗaura farin hijabin 'yarta a taga. Da muka gani kwali ya ƙare, naka ne na ƙarshe. Ummi ta aika musu abin da muka dafa, amma me zai yi musu? Don Allah kada ka faɗa wa kowa, ta roƙe ni."

Muntasir ya karanta sau uku. Matar da ke da gaskiya ta kwana biyu tana kokawa da kunya kafin ta ɗaura ƙyalle, shi kuwa da ba shi da ita sati huɗu yana kaɗa jallabiya a sama da kanta.

Ya janyo sandar ya cire rigar. Ya mayar da ƙwan cikin kwali, ya haɗa da kajin firij ɗinsa, ya yi sawu huɗu ta matakala don kada a gan shi a lif. Ya jera su a ƙofar hawa na uku, ya ƙwanƙwasa, ya juya da gudu.

Sai dai an gan shi. Tajuddeen, ɗalibin Dakta Lawal mai digiri na uku, a hawa na biyar yake. Shekara biyu yana kai wa Dakta gaisuwa da kilishi yana jiran ranar da zai furta maganar Najiba. Ya ga Muntasir na sauka da kwalaye, kuma dama yana da hoton da Muntasir ya ɗora a status wata Alhamis: faranti guda na shinkafar Larabawa da naman rago daga Bukit Bintang. Ya haɗa biyun ya tura wa Dakta, ya ƙara da nasa gishirin, wai kedai, wato kantin da ke ƙasan benen, yake kaiwa ya sayar.

Washegari da hantsi Najiba ta rubuto.

"Gaskiya ne ba ka da buƙata tun farko?"

"Gaskiya ne."

"Sati huɗu ina hawa benen nan ina tausayinka. Har addu'a nake maka a sujjada. So I was a joke?"

"Wallahi a'a. Ganinki nake so, na rasa hanya."

"Ka ce ina so in gan ki, shi ke nan, kalma nawa ce? Abba ya ce kada in ƙara kula ka. Ko bai ce ba ma."

Bai kare kansa ba. Ya rubuta inda ya kai kwalayen, ya goge, don gani ya yi kamar ɓarawo ne ke neman yabo don ya mayar da kaya. Kwana uku ko status bai buɗe ba. A na huɗu ya sa takunkumi ya taka zuwa benen su Dakta, ya tsaya a bakin ƙofa nesa kaɗan, ya durƙusa.

Dakta Lawal bai ce ya tashi ba.

"Kai ne mai jallabiyar?"

"Ni ne, Baba."

"Shekara sha takwas ina garin nan ina lallaɓa sunanmu. Ka san yadda ake kallon ɗan Nijeriya in ya je neman hayar ɗaki? Mutanen surau ɗin nan, wasu fansho suke ci, suka ciro daga bakinsu. Ni na ce musu yaranmu ba sa ƙarya. Kai kuma ka mayar da abincin mabukata katin gayyata. Ka sayar?"

"Ban sayar ba, Baba."

"Ina suke?"

"Sun je inda ya kamata su je tun farko. Ka yi mini afuwa, ba zan iya faɗar wurin ba, sirrin wasu ne."

Dakta ya girgiza kai.

"'Yata dai ba zan ba ka ba. In da gaske ka zo tuba, ba ni ka cuta ba. Ka san inda jama'a suke."

Ya sani. Guruf ɗin ɗaliban Arewa ne, mutum ɗari uku da wani abu, inda ko atishawa ka yi sai an ji a Kano. Da la'asar ya rubuta:

"Assalamu alaikum. Ni Muntasir na Pantai Dalam, sati huɗu na rataya farar tuta alhali ba na cikin buƙata. Na farko kuskure ne, saura ukun da gangan na yi, don wani son zuciya nawa. Wadda ta kawo mini ba ta san komai ba, aikin Allah take yi. Na ci haƙƙin mabukata, na zubar mana da mutunci. Ina neman afuwarku."

Abin da ya biyo baya ba daɗin faɗa. Wasu suka yi wa'azi, wasu suka yi dariya, wani ya haɗa sitika da hotonsa na Langkawi riƙe da tuta. Kafin magariba yayarsa ta kira daga Kano tana salati. Washegari ya je surau ya maimaita maganar a gaban dattijuwar nan mai takarda. Sai ta nuna masa buhunan shinkafa da ke jiran mai ɗauka.

Wata biyu yana dako. Lif ɗin wani benen ya lalace, ya riƙa hawa goma sha biyu da kwali a kafaɗa. Wannan karon ya san sunan kowa. Yakan hangi Najiba tana rubutu a takarda, ba ta kallonsa, shi ma ba ya iya ɗaga ido.

Da aka sallamo Malam Mika'ilu, matarsa ta je gaida Ummin Najiba. Ana cikin hira ta ce, "Ni kuwa Hajiya, yaron nan da ake ta zagi a guruf, wai ya sayar da kaya? Ta hujin ƙofa na gan shi, sawu huɗu ya yi. Har da kaji. Na yi shiru don kunyar kaina, shi kuma ya yi shiru don ya rufa mini asiri. Abin ya hana ni sukuni."

Najiba tana kicin ta ji. Ta zauna a ƙasa ta rufe fuska da mayafi, kunya ta kama ta ita ma, don a ranta ta yarda da maganar sayarwar. Ta ɗauki waya.

"Mai tuta."

"Na'am. Ban cancanci sunan ba."

"Ka cancanta mana, duk KL ta shaida. Me ya hana ka faɗa mini?"

"Da na faɗa, da kin yafe mini da wuri. Ni kuwa ban gama jin kunyar ba."

"Har yanzu ina fushi, fa. Amma kaɗan."

Dakta ya kira Tajuddeen ofis ya tambaye shi a wane kedai ya ga an sayar. Tajuddeen ya yi ta gyaran tabarau. Bayan sati guda Dakta ya aika a kira Muntasir, wannan karon ya ce ya shigo ya zauna.

"Abin da ka yi ba shi da kyau, kuma ba zan taɓa cewa yana da kyau ba. Amma na ga ka ɗauki kunyarka kai kaɗai, ba ka rufa da ta wani ba. Ka ce wa manyanka su je wurin yayana a Kano."

Muntasir ya sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan takunkumin.

A watan Disamba aka ɗaura aure a Kano, ranar Asabar ƙarfe goma na safe, biyar na yamma ke nan a Kuala Lumpur. An jingina waya a jikin fulas a falon Dakta, mutane ƙalilan suka zauna nesa-nesa suna sauraron waliyyai. Dattijuwar surau ta zo, Malam Mika'ilu da iyalinsa suna gaba. Ango ya ɗinka shadda, amma da safe amarya ta turo saƙo: "Jallabiyar za ka sa." Ita ya sa, cike da kunya, kowa na ƙunshe dariya.

Da aka shafa fatiha Dakta ya dafa kansa.

"Allah ya yi muku albarka. Allah ya sa gidanku ya zama mai bayarwa. In kuma wata rana kuka shiga buƙata, Allah ya ba ku maƙwabta irin waɗannan."

Bayan kwana uku suna cikin kwalekwale a kogin Melaka, rana na shirin faɗuwa. Najiba ta sauke takunkumi ta jingina da kafaɗarsa.

"Mai tuta, sharaɗi ɗaya."

"Faɗi goma, 'yar Pantai."

"Shanya a gidanmu ni zan riƙa yi. In kana son ganina, ka kira sunana."

"Najiba," ya ce a hankali.

"Na'am. Ka gani? Ko sisi ba a cuci kowa ba."

Allah ya bar su tare, ya ba su zuriya ɗayyiba, ya rufa mana asiri baki ɗaya.