Ku Tsaya Ku Ga Tafasa

A wani zamani, matan wani ƙauye sukan fita yawo kowace Alhamis da hantsi, su bi hanyar rafi su dawo. A cikinsu akwai Kande mai sauri, da wata tsohuwa mai yawan tsayawa, Gwaggo Tabawa.

Da damina Gwaggo ta ce, "Ku tsaya ku ga tafasa." Da kaka ta ce, "Ku tsaya ku ga ɗinya ta nuna."

Kande takan ce, "Gwaggo, yau muka fara ganin tafasa?"

Da bazara Kande ta tashi daga jinya. Ta biyo su tana haki, tana tsoron a ce ta koma gida. Ƙafarta na fara rawa, sai Gwaggo ta ce, "Ku tsaya ku ga sheƙar kurciya." Ko duban Kande ba ta yi ba. Sau uku ana haka, har Kande ta kai rafi.

Da damina ta zagayo, Kande ta ji numfashin Gwaggo ya yi nauyi a bayanta. Ta ja ta tsaya.

"Ku tsaya ku ga tafasa," in ji Kande.

Gwaggo ta dafa kafaɗarta, suka daɗe suna kallon ganyen.