Fuskar Adama a Kalandar Sabulu

A 1981 Adama ta shiga shagon Raufu mai hoto a Funtuwa, tana son hoton shiga makarantar ungozoma. Raufu, Bayarabe haifaffen garin, ya roƙe ta ta ɗan saki fuska. Ta ce ba biki ta zo ba. Ya yi dariya, ita ma tata ta kuɓuce, ya danna kyamara.

Tun daga ranar babur ɗinsa ya san hanyar Maska, garin su Adama. Yana kiranta Adamata, tana harararsa, amma ba ta taɓa hana shi ba.

Raufu ba shi da injin wanke hoto mai kala, sai ya aika fim wani kamfani a Ingila. Bai san kamfanin na sayar wa 'yan talla hotunan mutane ba. Da damina Malam Buba, mahaifin Adama, ya je sayen taki Malumfashi, ya tarar da 'yarsa a bangon shago, cikin kalandar tallar sabulu, tana dariya. Ya dawo ya ce kada ya sake jin ƙarar babur a ƙofarsa.

Adama ta tare Raufu a tasha, ranta a ɓace. "Kai na yi wa dariyar nan, Raufu, ba Turawa ba. Yanzu kowane mai shayi ya san haƙorana."

Raufu ya je wurin lauya a Kaduna. Lauyan ya juya kalandar, ya ce abin da ya ƙetare teku hannunsa ba ya kaiwa can. Ga kuma wani dillalin auduga mai suna Bature, ya rataye tasa kalandar a rumfa yana cewa shi zai aure ta.

Haushi ya ishi Raufu. Ya daina aika fim waje, cinikin kala ya mutu. Ya bi shaguna daga Funtuwa har Gozaki, duk wanda ya ba shi kalanda ya ɗauke shi hoto kyauta. Bature ya ƙi, sai da uwarsa ta cire ta miƙa da hannunta.

Raufu ya sauke tulin kalandun a gaban Malam Buba, ya durƙusa. Tsohon ya daɗe yana kallon fuskar yaron da rana ta ƙona, sannan ya ce ya turo magabatansa.

Bayan kaka aka ɗaura aure. Adama ta ce wa Raufu har yanzu fushi take, ya ce ya ji, ta ƙarasa fushin a ɗakinta. Malam Buba ya dafa kansu.

"Allah ya ba ku zaman lafiya," ya ce, "ya rufa muku asiri daga nan har Ingila."